Shekarar da Iya Ta Ƙi Komawa Hoto

Shekaru sun ja, kuma na lura kwanan nan nakan haɗa abin da na gani da idona da abin da aka ba ni labari, har in kasa raba su. Saboda haka duk inda kuka ga na ce "ina jin" ko "in ban manta ba" a wannan babi, ku ɗauke shi a yadda na faɗa. Ba zan rantse a kan kowace kalma da na sa a bakin mutane ba, musamman waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Abin da zan iya tsayawa a kansa shi ne yadda al'amarin ya gudana.

Dalilin rubuta shi kuwa, ku 'ya'yana da 'ya'yan ƙanena Mustafa kun tashi kuna jin magana iri biyu a kan rasuwar kakarku. Wasu na cewa Baffanku Mustafa ne ya hana a mayar da ita asibiti. Wasu na cewa goron ƙawarta Hajiya Mabruka ne ya ɓata komai, har na ji ɗaya daga cikinku ya faɗi haka a zaure yana dariya. Duk biyun ba daidai ba ne, ko in ce ba su cika ba.

Iya, wato Hajiya Falmata, a gidanmu na Koki ta yi kusan duk rayuwarta. Kakanninta daga Borno suka zo, kuma abin da ta gada daga gare su shi ne haɗa turaren wuta da humra. Matan unguwa har daga Dala da Kabara suna aikowa a saya, musamman in za a kai amarya. Ban taɓa ganin mai tsafta irinta ba. Zanen da ta yi girki da shi ba ta salla da shi, kuma in baƙo ya tashi daga tabarmarta sai ta kaɗe ta ta turara. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Mai sunan Malam" take ce mini in ta matsu, in kuwa da wani a wurin sai ta bi ta kansa, ko da ina tsaye a gabanta: "Ku ce wa wancan abincinsa na nan." Da Mustafa kam har zagin wasa suke yi. Ni tsakanina da ita gaisuwa ce da sunkuyar da kai, kuma ban taɓa jin hakan a matsayin rashi ba. Haka muka ga ana yi.

A shekarar da nake magana, Iya ta fara tsayawa a hanya. Ta saba takawa da ƙafa daga Koki zuwa Dala wajen Hajiya Mabruka, wadda zuriyar Larabawan nan ce 'yan kasuwa da suka daɗe a cikin birni, kuma ƙawarta tun suna amare. Sai ya zama tana isa rabin hanya ta nemi dakali ta zauna, tana dafe ƙirji. Ta ce olsa ce. Ta sha kanwa, ta sha madara, ta daina yaji. Ƙanwarmu Yagana ce ta lura cewa ciwon ba ya zuwa bayan cin abinci, sai in ta yi tafiya ko ta ɗauki bokiti. Ni kuma da yake ni ne na yi jami'a a gidan, duk abin da ya shafi asibiti a kaina yake faɗawa, duk da cewa tarihi na karanta, ban san komai a likitanci ba.

Likitan da ya duba ta bai yi gaggawa ba. Ya ce mai yiwuwa ba ciki ba ne, zuciya ce. Ya ce akwai ƙananan jijiyoyi da ke kai wa ita kanta zuciyar jini, kuma maiƙo kan taru a cikinsu har su tsuke, sai mutum ya riƙa jin zafi a ƙirji duk sanda ya motsa da ƙarfi. Hanyar da za a gani ba tare da an zura wani abu cikin jiki ba ita ce hoton da suke kira siti sikan. Za a yi mata allurar wani ruwa da ke haska jijiyoyin, a shigar da ita cikin na'ura mai kama da babban zobe, ta riƙe numfashi na ɗan lokaci, a ɗauka. In an ga inda ya tsuke, sai a san ko magani zai isa ko sai an buɗe jijiyar. Ya ja kunnena a kan abu ɗaya: dole zuciyar ta riƙa bugawa a hankali, in ba haka ba hoton zai fito dishi-dishi, kamar an ɗauki mai gudu. Don haka ranar kada ta karya, kada ta sha shayi ko kofi tun daga jajibirin.

Da aka zo maganar wanda zai raka ta, Yagana ta ce za ta nemi izinin mijinta ta zo.

"Ki zo ki yi me?" in ji Mustafa. "Turanci za a yi a wurin. Ga Yaya nan, shi ya ci kuɗin makarantar gidan nan, bari ya biya."

Iya ta ce, "Asibiti za a je, ba biki ba. Ki zauna a ɗakinki."

Ni ma ban ga dalilin tara mutane ba. A gidanmu, da ma gidaje da yawa a cikin birni, wanda ya iya karanta takarda shi ke raka mara lafiya, namiji ne ko mace. Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin abin da ake yi wa tsohuwa a bayan ƙofa.

Na kiyaye umarnin likita har na wuce gona da iri. Na ɗauke ganyen shayi daga ɗakinta, na hana a kai mata kunu. Da safe, muna jiran adaidaita sahu, Hajiya Mabruka ta shigo yi mata fatan alheri, suka keɓe a ɗaki kamar yadda suka saba. A wurin hoton, wata cibiya ce a wajen badala, wato bayan ganuwar birni, aka auna bugun zuciyarta aka ce ya yi sauri. Aka ba ta ƙwaya, muka jira. Aka sake aunawa, ya sauka kaɗan amma bai kai ba. Likitar wurin, wata mace mai fara'a, ta dube ni.

"Malam, ka tabbata Mama ba ta sha shayi ba?"

"Ko ruwan zafi ba ta sha ba," na ce. "Ni da kaina na tsare."

Iya ta ga likita ta damu, sai ta kwance gefen mayafinta ta miƙa mata ɓarin farin goro.

"Ungo, 'yar nan, ki ɗan tauna. Ke ma da alama ba ki karya ba."

Likita ta kalli goron, ta kalle ni, ta rufe baki da hannu tana dariya.

"Mama, nawa kika ci yau?"

"Wa ke ƙirga goro? An hana ni abinci tun jiya, da me zan riƙe cikin? Mabruka ce ta ji tausayina."

"Ai Mama, goro ya fi shayin tayar da zuciya."

"To ku ce goro mana. Kun ce abinci, kun ce shayi. Goro abinci ne?"

Gaskiyarta. Babu wanda ya ce goro, kuma ni da nake ganinta da shi a baki tun ina yaro, ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba. Hajiya Mabruka ta yi abin da kowace ƙawa za ta yi ne ga wadda aka bari da yunwa. Wannan shi ne iyakar laifin goro a labarin nan: ya sa hoto ya ɓaci, kuma hoto abu ne da ake iya sakewa.

Bayan an ƙara jira, likita ta ce tunda mun riga mun zo, a gwada. Aka ba Iya rigar asibiti ta saka, aka shiga da ita, ni kuma aka ce in tsaya a waje saboda hasken na'urar. Mai sarrafa na'urar wani saurayi ne mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ta. Kafin a rufe ƙofa na ji yana ce mata, "Mama, in ruwan allurar ya shiga za ki ji ɗumi a jikinki, kada ki motsa." In ban manta ba, iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ba a daɗe ba ta fito, amma ba matar da ta shiga tana raba goro ba ce. Ta mayar da kayanta, ta ɗaure mayafinta a ƙugu maimakon ta yafa, abin da ban taɓa gani ta yi a waje ba. Na nuna mata kujera ta ƙi zama. Saurayin ya biyo ta yana cewa "Sannu Mama, Allah ya ƙara sauƙi," ta juya fuskarta ga bango. A cikin adaidaita ta zauna a gefe ɗaya har Koki. Muna shiga gida ta wuce bayi da bokiti, ta fito ta wanke duk kayan da ta je da su, da hannunta, ta hana kowa taɓawa. Na ɗauka gajiya ce da yunwa.

A nan dole in tsallaka zuwa bara, don ku fahimci abin da ni ban fahimta ba a lokacin. Bara aka yi mini irin wannan hoton, ni ma saboda ƙirji. Kafin allurar, ma'aikaciyar ta ce mini kai tsaye, "Baba, ɗumin zai sauka har ƙasan mara, za ka ji kamar ka saki fitsari. Ba ka saki ba, haka ruwan yake yi wa kusan kowa." Duk da an gaya mini, da ruwan ya shiga, wallahi sai da na yi shakka. Ɗumi ya taso daga maƙogwaro ya gangara, na ji kamar ya malale a ƙarƙashina. Ina kwance cikin zoben nan, an ce in riƙe numfashi, sai fuskar Iya ta zo mini, ta juya ga bango.

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, don ba maganar da ɗa zai yi a kan uwarsa ba ce. Na rubuta ne saboda abin da nake son ku sani shi ne babu abin da ya faru. Babu abin da ya zuba. Amma ina kyautata zaton Iya ta fito daga ɗakin nan tana da yaƙinin cewa ta ɓata shimfiɗar mutane a gaban yaron da bai wuce jikanta ba. Kuna iya cewa ai da ta duba ta ga kayanta a bushe. Na yi wannan tunanin. Sai dai rigar asibitin da zanen gadon duk a can aka baro su, kuma ba ta da wanda za ta tambaya. Saurayin ya ji nauyin faɗa wa tsohuwa kalmar, ban ga laifinsa ba, ni ma da an ce in fassara mata, da "ɗumi" zan tsaya. Wanda ke jiranta a bakin ƙofa kuma ɗan fari ne.

Da sakamako ya fito, likitanmu ya nuna mini a allon kwamfuta. Jijiyoyi biyu sun fito sarai, da ɗan maiƙo amma jini na wucewa. Ta ukun, wadda ya ce ita ce babba a gaban zuciya, ta fito da inuwa a daidai inda yake zargi. Ya ce yana iya zama tsukewa mai tsanani, yana iya zama motsin zuciyar ne ya ɓata wurin. Ya rubuta magunguna, ya ce a sake hoton nan da ɗan lokaci, ba goro. In an tabbatar, akwai inda za a tura ta a buɗe jijiyar.

Da na kai wa Iya saƙon, Mustafa na zaune. Ba ta dube ni ba.

"Ka ce wa wancan na gode. Ba zan koma ba."

"Haba Iya," in ji Mustafa, "don an hana ki goro na kwana ɗaya? Ni zan saya miki huhun goro guda in kin dawo."

"Kai dai rufe mini baki, sarkin surutu. Na je, na gani, ya isa."

Muka bar ta ta huce. Bayan kwanaki na sake tayarwa, ta ce azumi ya kusa, ba za a yi mata allura da azumi ba. Na je na tambayi malamai, na tambayi likita ko za a iya yi bayan an sha ruwa, na dawo da amsa. Ta ce a bari sai bayan Salla. Magungunan kam tana sha ba fashi, kuma sun ɗan rage mata zafin, abin da ya ƙara wa Mustafa ƙarfin gwiwa. Wata rana a zaure ya tsare ni.

"Yaya, ka faɗa mini magana ɗaya. Akwai ciwon ko babu?"

"Ba a tabbatar ba. Akwai alama, amma likita ya ce mai yiwuwa…"

"Mai yiwuwa, mai yiwuwa. Kai ko an tambaye ka sunanka sai ka ce mai yiwuwa. In akwai, yau ɗin nan in ɗauke ta a kafaɗa in kai ta. In babu, ka ƙyale tsohuwa ta yi ibadarta. Uwa ce fa, ba akuya ba da za a ja da igiya."

Ban iya ce masa akwai ba, don ba a ce mini akwai ba. Wannan ita ce duk "hanawar" da ake jingina wa Baffanku. Bai taɓa ƙin fitar da ko sisi ba, kuma bai taɓa cewa kada a je ba.

Bayan Ƙaramar Salla Yagana ta zo mini da wata tambaya. Ta ce suna tsince itacen turare da Iya, sai kawai ta ce mata, "Yaron nan na wajen hoton, ko ɗan wace unguwa ne?" Na yi murna ƙwarai. Na ɗauka ta fara saukowa, tana son ta san hannun wanda za ta koma. Kun san halin cikin birni: in za ka shiga ofis ko asibiti, abu na farko shi ne a nemo ko akwai ɗan gida a wurin, in an samu hankali ya kwanta. Washegari na tafi cibiyar takanas na yi tambaya. Sai ga shi ɗan Kabara ne, kuma kakarsa tana cikin matan da ke sayen turare a wajen Iya. Na dawo da sauri, na tsugunna a ƙofar ɗakinta.

"Iya, ashe yaron nan na gida ne. Jikan Hajiya ta Kabara ne, mai aikowa a sayi humra. Ya ma gane ki. Ya ce yana gaishe ki, kuma duk ranar da kika shirya shi da kansa zai karɓe ki."

Sai ta ce, ba ta bi ta kan kowa ba wannan karon, "Mai sunan Malam, in kana son albarkata, kada ka ƙara yi mini maganar wurin nan."

Ban ƙara ba. Ina jin babu ɗan da zai ƙara bayan wannan. Daga ranar kuma Iya ba ta sake taka Kabara ba, ko suna ko gaisuwar mutuwa, sai dai ta aika Yagana. In 'yar aiken Hajiyar ta zo sayen turare, sai ta ce a ce mata ya ƙare, alhali ga shi a kwalabe. Duk mun gani, muka ce tsufa ne ya fara taɓa ta.

Bayan Babbar Salla da 'yan makonni, da hantsi, tana zaune a tsakar gida gaban kasko tana juya haɗin turare, sai matar Mustafa ta ga ta jingina da bango, gumi na keto mata. Aka kira ni daga wajen aiki. Kafin in iso an sa ta a mota, kafin a isa asibiti ta cika. Likitanmu ya ce alamu sun nuna jijiyar nan ce ta toshe gaba ɗaya. Na tambaye shi ko da an sake hoton da ta tsira. Ya ce ba zai iya cewa ba, amma da an sami abin yi. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, kuma ban taɓa jayayya da hakan ba. Abin da ke hana ni sakewa daban ne. In zatona daidai ne, Iya ta yi watannin ƙarshe na rayuwarta tana ɓuya daga mutanen da ta yi shekaru tana hulɗa da su, a kan abin da bai auku ba, kuma jimla ɗaya daga bakin mace 'yar'uwarta ta isa ta ɗauke mata shi.

Ni da Mustafa mun yi kusan shekara muna gaisuwa a tsaitsaye. Shi yana ganin na tayar mata da hankali a banza, ni ina ganin bai taya ni ba. Mun shirya kafin ya rasu, alhamdu lillahi, amma ya tafi bai ji wannan bayanin ba, don ni ma ban same shi ba sai bara. Hajiya Mabruka ma ta rasu, kuma an ce har ƙarshe takan ce da ta sani da ba ta kawo goron ba.

Ina sake jaddadawa, zato ne. Iya ba ta faɗa mini ba, kuma Yagana ta ce ita ma ba ta faɗa mata ba. Saurayin Kabara yanzu magidanci ne, mukan haɗu a jana'iza mu gaisa, ban taɓa iya buɗe baki na tambaye shi ba. Saura 'ya'yan Hajiya Mabruka mata da ke Dala, waɗanda suke shiga da fita lokacin da tsofaffin biyu ke keɓewa, da matar Mustafa da ta zauna da Iya a gida ɗaya. Duk wadda ta san wani abu da ya saɓa wa abin da na rubuta, ko ta ga na sa wata magana a bakin da ba nata ba, ina roƙonta ta aiko a gyara tun ina da rai, zan karɓa da godiya. In kuwa Iya ta faɗa wa wata, kuma abin da na zata ne, to kada ta zo ta gaya mini a fuska. Ta faɗa wa Yagana. In na tambaye ta ta yi shiru, zan gane.